Goggo Okalena da Rabon Kifin Fari

A watan Yuni, lokacin da rana take ƙin faɗuwa a Kanaryak, ƙauyenmu na can ƙuryar arewacin duniya, hayaƙin Goggo Okalena ne agogon gari. Kafin injin kwale-kwalen farko ya yi tari a bakin kogi ta riga ta sauko daga gida, ta ɗaura tsohon ɗankwalinta mai furanni, ta zura takalman robar marigayi mijinta waɗanda suka yi wa ƙafarta yawa, ta tura ƙofar ɗakin banda. Sai ta durƙusa ta tona tokar jiya, ta ɗora ɗanyen ice a kan garwashi don ya yi hayaƙi kada ya kama. Daga nan ta bi sandunan da aka rataye kifi tana latsa kowanne da yatsa, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa, wannan ta juya shi, wancan ta matsar da shi nesa da zafi. In ta gama ta kurɓi baƙin shayi a tsaye, ta gangara teburin yanka da ke bakin ruwa, ta zauna jiran masunta masu jefa koma.

Haka ta yi fiye da shekara arba'in, kuma bana ne ta ce ta ajiye wuƙa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin a garin nan mun iya yabon mutum ranar da aka rufe shi da ƙasa, ni kuwa ina so Goggo ta ji nata tana zaune a kan kujerarta, ko da za ta harare ni ta ce na cika surutu.

Ba wanda ya ɗauke ta aikin nan, ba kuma ofishin da ya san sunanta. Kowane gida a nan yana yanka nasa kifin salmon ya kyafa don lokacin sanyi, amma akwai gidajen da ba su da mai yi musu: tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi birni, dattijon da idonsa ya rufe, mai jego, gidan da aka yi rashi. Waɗannan su ne mutanen Goggo. Maza su sauke mata kifi a tebur, ita ta tsaga, ta cire ƙaya, ta yi masa tsaga-tsagan da iska za ta ratsa, ta tsoma a ruwan gishiri, ta shanya, ta kyafa, in kaka ta yi ta bi gidaje da kwalaye. Matan garin nan kaɗan ne waɗanda ba a teburinta suka koyi riƙon wuƙa ba, kuma ba ɗaya a cikinmu da ba ta sha ranƙwashi da bayan cokali ba saboda ta bar tsoka a jikin ƙashi. Ni kam kaina ya san cokalin nan sarai.

Wuƙar tata irin tamu ce ta mata, mai baki kamar rabin wata da ƙota a sama. Ɗanta Evon ne ya yi mata ita yana saurayi. Ya yanko ta daga bakin tsohon zarto, ya wasa, ya sa mata siririyar ƙota ta ƙaho daidai tafin hannun uwarsa na wancan lokaci. Shi kaɗai Allah ya bar mata. Ta yi wuƙaƙe da yawa kafin wannan, amma tun da ta zo hannunta sauran suka koma aro ga masu koyo.

Babban aikin Goggo kuwa shi ne kifin fari. Babban salmon ɗin da muke kira sarki, wanda ya fara faɗawa komar wani a shekara, ba na mai komar ba ne. Kai tsaye ake kai shi teburinta, ta yanka shi ƙanana, ta ɗauki kwano ta bi gari ƙofa ƙofa tana miƙa wa kowa a hannu. Ba a aikawa da shi, ba a ajiye wa mutum a bakin ƙofa, ba a tsallake gida. In an cinye sai a tattara ƙashin a mayar kogi. Iyayenmu sun ce kifin fari ɗan aike ne, yana zuwa ya ga irin tarbar da za a yi masa, ya koma ya faɗa wa na baya. Ba ya son faɗa a kansa, ba ya son a bar shi a ƙasa, balle a taka shi. Ko limamin cocinmu, da duk karatunsa, hannu biyu yake sawa ya karɓi nasa.

Ana nan sai jirage masu saukar ungulu suka fara ratsa samanmu suna nufar tuddan da koginmu yake ɓulɓulowa. Aka ce wani kamfani ya gano tagulla da zinariya kwance a ƙarƙashin ƙananan rafukan can, su ne kuwa rafukan da kifi yake hawa ya zuba ƙwai. Kamfanin ya kafa sansani, ya fara huda ƙasa, ya buɗe ɗaukar ma'aikata. Kada wanda yake nesa ya yi saurin zagin waɗanda suka tafi. Lokacin sanyi a nan doguwar tafiya ce, man ɗumama ɗaki da tsada, aikin albashi kuwa in ka cire makaranta da ɗakin shan magani babu. Mijina yana cikin waɗanda suka tafi jan bututu. Evon ma ya tafi, kuma da yake bakinsa ya iya Turanci kamar yadda ya iya harshenmu, sai suka mai da shi tafinta.

Gari ya rabe biyu. Mutanen da suke shiga ɗakin surace, inda muke wankan tururi, tare tun suna yara suka koma kowa da ranarsa. A coci aka fara zaɓen gefen tsayuwa. Goggo ba ta taɓa ɓoye nata ra'ayin ba, ta ce ba ta son ramin haƙar tagullar nan ko da za a shafe mata ɗakin banda da zinariya. Amma duk ranar da Evon ya sauko daga sansani tana dafa masa kan kifi yadda yake so, su ci, ba ta ce masa kanzil a kan aikinsa.

Ranar da abin ya ɓaci, manyan kamfanin sun zo zauren makaranta don su yi wa gari bayani, Evon yana tsaye gefensu yana fassara. A safiyar ranar ce kifin fari ya faɗa komar Kawu Gusti. Gusti taubashin Goggo ne, ɗan kawunta, mutum mai zuciya a kusa da baki a sake, su biyun ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Maimakon ya kai kifin teburin Goggo, sai ya saɓo shi a kafaɗa yana ɗigar ruwa, ya ratsa taro, ya maka shi a kan teburin baƙi, a kan takardunsu. Ya ce su ci zinariyarsu, mu ga abincinmu. Samari suka ɗauki ihu, waɗanda suke aiki a sansani suka miƙe, aka fara nuna juna da yatsa, aka kai ga ture-ture. Tebur ya tuntsure, kifi ya zame ƙasa. Wani ya hankaɗa Evon, ya ja da baya don kada ya faɗi, takalminsa ya sauka a tsakiyar cikin kifin.

Ina wurin, kuma ban taɓa jin zauren nan ya yi tsit irin na lokacin ba. Baƙin ba su fahimci abin da ya faru ba, suna ta tsince takardunsu. Mu kuwa mun fahimta. Daga baya can wata murya ta ce, "Mai taka kifi." Evon ya tsaya yana kallon ƙafarsa, fuskarsa ta yi fari.

Goggo ce ta taso daga layin tsofaffi. Ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta durƙusa ta naɗe kifin a ciki, ta rungume shi. Sannan ta dubi baƙin, ta sa ɗan nata ya fassara musu.

"Inda kuke huda ƙasa, can wannan yake zuwa ya haihu ya mutu. Ni ban san tagulla ba. Abin da na sani, duk abin da ya zuba a saman kogi mu na ƙasa ne za mu sha shi."

Ta juya ga Gusti. "Kai kuma taubashi, furfura har a kunne, ba ka san ba a kai abinci wurin faɗa ba? Yaron nan takawa ya yi, amma wa ya kawo?"

Ta fita da kifin, ta wanke shi a kogi, ta yanke inda ya dame ta ajiye wa kanta, sauran ta yanka ƙanana kamar kowace shekara. Wasu mata suka biyo ta teburin suna cewa bana kam a tsallake gidajen 'yan sansani, wanda ya zaɓi rami ya ci rami. Ita dai ta ɗauki kwanonta. Gidana yana cikin waɗanda aka so a tsallake, kuma na ji labarin tun kafin ta iso, don haka na ja labule na yi kamar ba na nan. Ta yi ta bugun ƙofa har na gaji na buɗe. Na ce mata, Goggo, ki wuce kawai, kada a zage ki saboda mu. Ta kamo hannuna ta buɗe tafin da ƙarfi ta ɗora yankan. "Karɓi, 'yar nan. Kifi bai tambayi inda mijinki yake aiki ba." Na ci shi ina kuka a tsaye a bakin murhu.

Ke ce, Goggo, kika hana garin nan tsagewa har ƙasa a ranar. Ke ce mai rabo ba tsallake. Kin ƙi ramin, kin kuma ƙi a yi amfani da ƙinsa a hana wani cin abinci, mu kuwa a lokacin mun ɗauka dole mutum ya zaɓi ɗaya.

Gida ɗaya ne kwanon bai samu kowa ba. Da ta isa ƙofar Evon ta tarar da kwaɗo. Jirgin wasiƙu ya tashi da shi tun tana bakin kogi tana wankin kifi. Bai koma sansanin ba, bai dawo gari ba. Daga baya aka ji yana can birnin Anchorage yana gyaran injuna a wani gareji.

Shekaru sun shuɗe. Aikin sansanin ya ja baya, mijina da sauran suka dawo kamun kifi, maganar ramin ta koma hannun ofisoshi da kotuna, yau a ce an hana, gobe a ce an ɗaukaka ƙara. Tagullar tana nan kwance inda take, masu sonta ba su manta da ita ba. Mutanen gari sun koma shiga surace tare, an daina zaɓen gefe a coci, har sunan nan mai muni ya mutu a bakin mutane. Evon ne kaɗai bai san ya mutu ba.

Kowane Yuni wayar Goggo takan yi ƙara sau ɗaya daga Anchorage. Abu ɗaya yake tambaya, ko sun shigo. Ta ce sun shigo. Sai ta ji motoci suna wucewa a bayansa, sannan ya ce ta gaida mutane ya kashe. Tana aika masa kwalin banda duk kaka, yana karɓa. Amma rabon kifin fari ba ya shiga jirgi, sai hannu da hannu a ƙofar gida. Don haka kowace shekara takan yanka nasa, daga wajen ciki inda ya fi maiƙo, ta kyafa shi daban, ta rataye a wata ƙusa a bayan ƙofar ɗakin banda. Ya kwana nan duk tsawon sanyi. In ƙanƙarar kogi ta fashe bai zo ba, sai ta sauke shi ta gangara ita kaɗai ta mayar wa ruwa. Daga tagata nake hango ta, kuma ban taɓa samun ƙarfin zuciyar bin ta ba. Takan daɗe a tsaye bayan ruwan ya tafi da shi.

Kewar ɗan nan ta ci Goggo, ba sai an ɓoye ba. In jirgin wasiƙu ya yi ƙugi takan ɗaga kai daga tebur, hannunta ya tsaya, har sai ta ga waɗanda suka sauko. In mun lura sai ta ce sauro ne ya shiga mata ido.

Sannan hannun ya fara gazawa. Ruwan sanyi na shekara arba'in ya taru a gaɓoɓin yatsunta, suka kumbura suka karkace, har ba ta iya dunƙule su a kan siririyar ƙotar nan. Bara wuƙar ta suɓuce mata a gabanmu, ta faɗa cikin tsakuwa. Gusti, wanda tun ranar zauren makaranta yake kawo mata ice ba ta roƙe shi ba, ya ce ta ba shi ya sa mata ƙota mai kauri. Ta ce hannun da ya kai kifi wurin faɗa ba zai taɓa mata wuƙa ba, ya je ya gyara haƙoransa tukuna. Ya yi dariya kamar yadda taubashi yake yi, amma na ga ta shige shi. Wasu mazan ma sun nema, ta ce wanda ya yi ta shi zai gyara ta. Bayan bikin Ista ta faɗa a ƙofar coci cewa bana ba za ta yanka kifin fari ba, a nemi wata.

Abin da ya biyo baya daga bakin Gusti na ji shi, kuma ko an rage kashi ɗaya cikin uku na ƙarin gishirinsa, saura ya isa. An ba shi ranar ganin likitan ido a Anchorage, saboda idonsa ɗaya da ya daina gani. Ana gobe zai tafi ya shiga gidan Goggo ya tarar tana kwaɓa fulawar burodi. Ya gutsiro curi ya miƙa mata, ya ce shi bai yarda hannunta ya mutu ba, lalaci ne, ta matsa ya gani. Ta matsa iya ƙarfinta don ta kunyata shi, ta jefe shi da shi. Ya cafe, ya kai gida ya busar a bayan murhu. Wuƙar kuwa a aljihun rigarsa ta fita daga gidan. Da Goggo ta neme ta ta rasa, ba ta tambayi kowa ba. Ta ce ɓarawo ɗaya ne a danginsu kuma ido ɗaya gare shi.

Ya sami Evon a garejin, ya yi ƙiba, gashinsa ya fara fari. Bayan gaisuwa Gusti ya ajiye wuƙar a kan teburin aiki, ya ajiye busasshen curin a gefenta. Evon ya gane wuƙar nan take. Curin ne ya ɗauka yana juyawa bai gane ba, sai da Gusti ya ce masa hannun uwarsa ke nan yanzu. Ya sa yatsunsa a cikin guraben, suka ƙi zama, don guraben a karkace suke. Ya fita bayan garejin ya daɗe.

Da ya dawo Gusti ya ce masa, "Ɗana, ni na kawo kifin, kai ka taka. In laifin za a raba, babban yanka nawa ne, ga ni kuwa ina cin rabona duk shekara ba kunya. Kai me ka fi ni da za ka hana kanka?"

"Kawu," in ji Evon, "har yau in na rufe ido ina jin santsinsa a ƙarƙashin takalmina."

 Gusti ya bar masa wuƙar da curin ya tafi wurin likita.

Kwanaki kaɗan kafin kifi ya shigo, jirgin wasiƙu ya sauke wani ƙaramin kwali da sunan Goggo. Tana filin jirgin, don Gusti ya kasa riƙe bakinsa. Ta karɓi kwalin ba ta buɗe ba, idonta yana kan ƙofar jirgin har matuƙin ya rufe ta. Sai a gida ta buɗe. Wuƙar ce, an wasa ta, an sa mata sabuwar ƙota ta ice mai kauri, an sassaƙa mata gurabe a karkace. Ta ɗora hannunta, kowane yatsa ya faɗa mazauninsa.

Ita ta yanka kifin fari na bana. A hankali ta yi, tana hutawa, mu da ta koya wa muna tsaye ba wadda ta yi gigin taimaka mata. Ni na riƙe mata kwano muka bi gari, amma ita take miƙawa. Da muka dawo ɗakin banda da yanka ɗaya da ya rage, wayarta ta yi ƙara a aljihu. Da yake kunnenta ya yi nauyi a lasifika take sa wayar, don haka na ji komai.

"Mama, sun shigo?"

"Sun shigo."

Motoci suka yi ta wucewa a bayansa. "Ƙotar ta zauna?"

"Ta zauna."

Na ɗauka zai ce ta gaida mutane. Sai ya ce, "Mama, kada ki mayar da nawa kogi bana. Ki bar shi a ƙusa."

Ta ce to. Ba ta tambaye shi yaushe ba. Da ya kashe ta zauna a kan kututturen ice da wayar a cinyarta, ta ce mini hayaƙin nan ya yi yawa, in buɗe ƙofa.

Goggo, mun gode. Mun gode da kwalayen da suka raya tsofaffinmu a cikin sanyi, da ranƙwashin cokali, da ƙofofin da kika buga har aka buɗe. Teburin yanka ya dawo hannunmu, za mu yi iya yinmu, ko da yake kin riga kin ce yankanmu kamar kare ya yaga. Allah ya ba ki lafiyar hannu, ya bar mana rafukan can da tsabtarsu, ya sa jikokin jikokinmu su ci kifin fari a garin nan.

Ku kuma da kuke karanta wannan a ƙauyukan kogin nan, maganar ramin za ta sake dawowa, kuma za ta sake neman raba ku. Ku tsaya wa ruwanku da duk ƙarfinku, yadda ta tsaya. Amma ranar rabo ku ɗauki kwano ku buga kowace ƙofa, har ta wanda kuka yi faɗa da shi jiya, domin shi ma a kogin nan aka haife shi.

Yanzu kifi ya gama wucewa, 'ya'yan itacen tudu sun nuna, safiya ta fara cizo. Goggo ba ta da aiki a ɗakin banda, amma kullum da sassafe tana zura takalman nan ta sauko ta duba ƙusar bayan ƙofa, ta latsa yankan da yatsa, ta juya shi. Ba ta ba kowa wuƙar ba, ta ce mai ita zai zo ya ga yadda ta zauna a hannu. Evon, in wannan ya iso gare ka, jirgin wasiƙu yana nan yana zuwa ranakun da ka sani, kuma ta daina cewa sauro ne.